Maki Biyu ga Ɗan Alhaji Salih

Bur Sudan

Zuwa ga ƙanwata Hasina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Inna da duk mutanen gida. Ina gajiyar girbi? Allah ya sa dawar bana ta yi albarka.

Na yi ta kiranki waya ba ta shiga, shi ya sa na zauna na rubuta. Idan kin je shagon intanet na Wad Haddad za ki tarar da saƙon yana jiranki. Gara ma haka, don da a waya ne da na ɗaga miki murya.

Alhaji Salih ya kira ni daga Suki. Shi da kansa, mutumin da ko da sallah mu muke kiransa. Ya gaishe ni, ya tambayi aiki, sannan ya ce, "Jibirin, mi munka yi ma ɗiyar Mero?" Ke yake nufi, ɗiyar Inna.

Ga abin da na fahimta. Ɗansa Mazin ya ƙera wani kayan aiki na kwamfuta, ya aika wa kamfanin nan da na nema miki aiki, don su sa shi cikin jerin kayan da suke nuna wa mutane. Kafin su karɓa sai an auna bayanin da mai kaya ya rubuta a kan kayansa. Aka auna, aka ba shi maki biyu cikin biyar, aka mayar masa da abinsa. A ƙasan sharhin kuwa ga sunan mai awo ɓaro-ɓaro: Hasina Abdulwahab.

Hasina, kanki ɗaya kuwa? Lokacin da yaƙi ya shigo yankinmu na Jazira muka fita da kayan jikinmu, gidan wa muka sauka? Wa ya kwashe buhunan riɗinsa daga ɗaki ya sa wa Inna gado? Ke da Mazin ɗin nan a teburi ɗaya kuke cajin kwamfuta da solar gidansu, kuna musu har a kira sallah.

Kuma kin san bikin ƙanwarsa Ibtisam na nan bayan girbi. Kin san Hajiya Sabah, matar Alhaji, ta roƙi Inna ita za ta ja gaba wajen dakan turaren amarya, abin da ba a ba bare. Inna ta gaya wa duk ƙauye. To jiya Alhaji ya ce mini, maganar turare a dakata tukuna.

Ban san aikinku ba, amma na san biyu da huɗu duk da yatsa ɗaya ake dannawa. Ki buɗe abin nan ki mayar da shi huɗu, mu huta.

Ki gaida Inna, kada ki gaya mata komai tukuna. Wassalam.

Yayanki,
Jibirin

*

Wad Haddad

Zuwa ga Yaya Jibirin,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, dawa ta shigo, tsuntsaye sun ci rabonsu sun bar mana namu. Inna na gaishe ka. Batun kada in gaya mata kuwa ka makara, matan Suki sun riga ka.

Yaya, kai ka nemo mini aikin nan, Allah ya saka, amma ba ka taɓa tambayata mene ne aikin ba. Yau sai ka ji ko ba ka so.

Yanzu akwai manhajojin AI da ake bai wa gyaran shirin kwamfuta su yi da kansu. Mu muna ce musu wakilai. Wakili ba shi da maƙwabcin da zai tambaya. Duk kayan aikin da aka miƙa masa, abin da aka rubuta a kai shi kaɗai ya sani. Ni aikina in karanta wannan rubutun, in gwada, in faɗa ko wakili zai iya aiki da shi ba tare da ya yi ɓarna ba.

Kayan Mazin na dasa alamar tsayawa ne. Shiri yana gudu layi bayan layi. In ana neman inda kuskure ya ɓuya, sai a dasa alama a wani layi, idan shirin ya iso nan ya tsaya cak a leƙa cikinsa. Kamar yadda kake toshe ƙaramar magudana da laka don ka ga ta ina ruwa yake zurarewa daga gona.

Kayan kansa mai kyau ne, kuma na rubuta haka a layin farko na sharhina. Sai dai na san ba wannan layin aka karanta wa Alhaji ba. Bayanin ne matsala. Ga shi nan gaba ɗayansa, na fassara maka: "Yana dasa alamar tsayawa. Ba shi sunan fayil da lambar layi. Don ƙarin bayani a tuntuɓe ni." Sai lambar wayarsa.

Lambar waya, Yaya! Wakilin ne zai zura jallabiya ya hau mota zuwa Suki, a dafa masa gahawar jabana, ya tambayi Mazin? Na yi dariya har mai shago ya waiwayo. Haka muke a gida, wanda bai gane ba ya zo ya tambaya. Amma wannan mai karatun ba ya zuwa.

Bai faɗa cewa dole a fara kunna shirin a ƙarƙashin mai binciken kuskure kafin a dasa alama ba. Bai faɗa cewa in ba a kunna ba, kayan zai amsa "an yi" alhali bai yi komai ba. Bai faɗi yadda ake cire alamar ba. Bai faɗa cewa ƙirgen layinsa daga sifili yake farawa ba, alhali yawancin mutane daga ɗaya suke farawa.

Ban tsaya a karatu ba, na gwada. Na ba wakili wani ɗan shiri mai kuskure da bayanin Mazin. Ya dasa alama, aka ce masa an yi. Ya saki shirin, shirin ya wuce bai tsaya ba. Sai wakilin ya yanke hukunci cewa tunda ba a tsaya ba, ai ba a taɓa bi ta wannan layin, ba shi da amfani. Ya share shi, ya kuma aiko mini da albishir cewa ya gama gyara. Layin da ya share shi ne mai adana aikin mutum kafin a rufe shirin. A wurina gwaji ne. A wurin wani kuwa aikinsa ne zai tafi.

Da na ga lambar na san Mazin ne. Na gaya wa shugabar sashenmu na san mai kayan, ta ce in auna, wani zai sake aunawa a bayana. Wancan ɗin bai san Suki ba bai san Alhaji ba, shi ma biyu ya bayar. Sunana ne kawai a ƙasa don ni na rubuta sharhin.

Ban manta gadon da aka sa wa Inna ba, kuma ba zan manta ba. Amma ba zan mayar da shi huɗu ba. Mazin ya zauna ya gyara rubutunsa ya sake aikawa, ƙofa a buɗe take.

Ka huta lafiya, kuma ka rage shan shayi, shi ke sa ka faɗa.

Ƙanwarka,
Hasina

*

Bur Sudan

Hasina,

Assalamu alaikum, da fatan an tashi lafiya. Na karanta darasinki, malama. Rabi na gane, rabi ya bi ta kaina. Abin da na gane shi ne makin ba zai motsa ba tunda wani ma ya sa hannu. To shi ke nan, na janye wannan.

Amma akwai jimla ɗaya a wasiƙarki da nake so ki binne. Kin ce da kika ga lambar kin san Mazin ne. Wannan ya tsaya tsakanina da ke.

Na yi magana da Kawu Bilyamin. Ya yarda zai haɗa zaman sulhu a gidansa ran Juma'a, kuma Alhaji ya yarda zai zo. Kin ga girman da ya yi mana, shi zai taso daga Suki. Kawu ya riga ya shirya yadda za a yi. Zai tambaye ki gaban mutane ko kin san kayan na Mazin ne. Ki ce ba ki sani ba, an ɓoye muku sunaye. Alhaji zai ce ya wuce. A yi fatiha, a sha jabana, Inna ta tafi dakan turarenta.

Kada ki ce mini ƙarya ce. Ba wanda zai bincika, kuma ina jin ko Alhaji ba ya buƙatar ya gaskata. Abin da yake buƙata a ba shi hanyar da zai sauko ba tare da rawaninsa ya faɗi ba. Haka ake sulhu tun kafin a haife mu, kowa ya bar ɗan wani abu a tabarma. Shi ya bar makin. Ke kalma uku aka ce ki bari: ban sani ba.

Ki tuna Inna. Ta rasa gida, ta dawo ta tarar da ɗakinta ba ƙofa ba taga. Bikin nan shi ne abu na farko da na ji tana ɗoki a kai tun rasuwar Baba. Ina roƙonki, ba umarni nake ba ki ba.

Allah ya yi miki albarka, ya kuma sassauta miki wannan kan.

Yayanki,
Jibirin

*

Suki

Hasina,

Salam. Ya gida, ya Hajiya Mero? Ba zan tsawaita ba.

Na farko, ba ni na kai ƙara wurin Baba ba. Ya ga ban ci abinci ba, ya tambaya, Ibtisam ta zazzage masa komai. Kin san bakinta.

Na biyu, har yanzu ina ganin kin tsananta. Duk wanda ya taɓa farautar kuskure a shiri ya san sai an kunna kafin a dasa alama. Wannan ba sai an rubuta ba. Na yi watanni a kan kayan nan, da wutar sola da intanet mai zuwa yana ɗaukewa, kika zo kika tattake shi saboda layi huɗu da ban rubuta ba. Batun lambar waya kuma, tamam, na ji, an yi mini dariya ya isa.

Na uku, ran Juma'a ki faɗi abin da Kawunki ya ce. Ni na san kin sani, lambata na ciki, kuma kin haddace ta. Ba zan tona ba. Ba don ni ba, wallahi, ni na riga na sha kunyata. Don Baba ya samu ya sauko, kuma don Mama tana son Hajiya Mero a bikin nan. Ta kasa faɗa masa ne kawai.

Khalas, shi ke nan, ki faɗa mu wuce wurin.

Mazin

*

Wad Haddad

Zuwa ga Mazin,

Wa alaikumus salam. Inna na lafiya, tana gaida Hajiya Sabah da amarya. Na gode da ka rubuto da kanka.

Gaskiyarka, duk wanda ya taɓa yi ya sani. Amma ba wanda ya taɓa yi ka rubuta wa ba. Wakili a kullum baƙo ne, kuma baƙo mai saurin hannu. Abin da ba ka gaya masa ba ba ya tsayawa ya tambaya, cikewa yake da zato ya wuce. Layi huɗun nan da ka raina su ne duk abin da yake gani na watannin da ka yi.

Batun Juma'a, ka tsaya ka saurari abin da ake so in faɗa. In na ce ban san naka ba ne, me na ce ke nan? Na ce da na sani da na ƙara maka. Na ce makina na dangi daban, na bare daban. To ranar da ka gyara ka samu biyar, wa zai yarda da biyar ɗin? Kai kanka ba za ka yarda ba. Na san ka, za ka yi ta juya ta a ranka kana tambaya ko ta gadon Inna ce.

Na san kai ne. Don na san kai ne na karanta na sake karantawa, na gwada ta kowace fuska ko zan samo maka uku, ban samu ba. Don na san kai ne na rubuta sharhin da ya fi kowane tsawo tun da na fara aikin nan, har da misalin yadda za ka tsara kowane sashe. Baƙo ba ya samun wannan a wurina. Abin da na iya yi maka ke nan, kuma ba zan tsaya gaban mahaifinka in ce ban yi ba.

Ka rubuta abin da dole a yi kafin a kira kayan. Ka rubuta abin da yake amsawa in ya kasa, ka kuma sa ya daina cewa an yi alhali ba a yi ba. Ka faɗi daga ina ƙirge yake farawa, da yadda ake cire alama. Wuni ɗaya ya ishe ka. In ka sake aikawa wani za a ba, ba ni ba, na riga na nemi haka.

Ka ci abinci.

Hasina

*

Wad Haddad

Yaya Jibirin,

Assalamu alaikum. Na san Kawu ya riga ya kira ka, na kuma san irin abin da ya ce. Ga nawa, ka haɗa.

An zauna bayan sallar Juma'a a rumfar Kawu. Alhaji ya zo da mutum biyu, ya sa farar jallabiya sabuwa. Ya rame, Yaya, ban san ya rame haka ba. Mata suna bayan zana, Inna na cikinsu. Ni aka sa mini tabarma a gefe.

Kawu ya yi magana mai tsawo. Ya faro tun daga kakanni da suka taso daga yamma za su hajji suka zauna a bakin kogin nan, ya gangaro kan gudun da muka yi, da buhunan riɗi. Duk gaskiya ya faɗa, har na ji ƙwalla. Aka zuba jabana. Sannan ya juyo ya ce, "Hasina, ɗiyata, hwaɗi ma Alhaji. Lokacin da kinka yi awon nan, kin san na Mazin na?"

Na durƙusa. Na ce, "Baba Alhaji, abin da ka yi mana ba mu da bakin godiya, kuma ɓacin ran da na sa ka ina neman gafara. In ka ce in zo Suki in yi shara da wanke-wanken bikin nan gaba ɗaya, zan zo."

Kawu ya ce, "Madalla. To amsa tambaya."

Na ce, "Na san nasa ne."

Kawu ya yi tari, ya ce wai ban ji tambayar ba, ya sake maimaitawa a hankali kamar yana koya wa yaro karatu. Na ce na ji, kuma na sani, lambar wayarsa na jiki. Na fara bayanin dalili, Alhaji ya ɗaga hannu. Bai yi faɗa ba, da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Ya ajiye kofin bai kurɓa ba. Ya ce, "Bilyamin, na gode da kira." Ya miƙe ya sa takalmi. Da ya zo daidai zana sai ya tsaya, ya ce ba tare da ya kalli kowa ba, "A hwaɗa ma Mero kada ta wahal da kanta da tahiya. Turare an samu mai daka."

Ba a yi fatiha ba.

Ni da Inna muka koma gida. Tun ranar in na gaishe ta takan amsa, shi ke nan. Sandal da ƙamshin da ta tanada don bikin ta ɗaure su a ƙyalle ta tura ƙarƙashin gado. Na yi kuka, Yaya, ba zan ɓoye maka ba. Ni na yi magana, ita aka hukunta, kuma wannan yana ci mini rai.

Amma kada ka jira in ce na yi nadama. Ka ce kalma uku ce kawai. Na auna su, kuma na ga ba zan iya ɗaukarsu ba. Da na faɗe su, da duk ranar da na zauna gaban kwamfutar nan sai na ji ina sayar da abin da ba nawa ba. Ka yi fushinka, ka fi ni gaskiya ta wajen Inna. Ta wajen makin kuwa biyu ne, jiya biyu ne, gobe ma biyu ne har sai ya gyara.

Ka kira Inna in waya ta shiga, muryarka za ta yi mata daɗi.

Ƙanwarka,
Hasina

*

Wad Haddad

Jibirin ɗana,

Salamu alaikum. Ni Mero ka magana, Hasina ka rubutu, kuma na ce ta rubuta yadda na hwaɗi, kada ta gyara min. Ina gaishe ka, Allah shi tsare ka.

Na ji saƙon da ka aiko ma ƙanwarka. Ya isa haka, ka bar ta. Ni ban san maki ba, ban san wakili ba. Har yanzu ina fushi da ita, amma fushina na, ni zan yi abina, ba sai ka taya ni ba.

Gobe za ni Suki. Ba a kira ni ba, na sani. Ran da na isa gidan Salihu ƙahwahuna a kumbure, Sabah da hannunta ta gasa min su. Ba zan zauna nan a ɗaura ma ɗiyarta aure in ji a bakin mutane ba. In Salihu na son kora ta, shi hito ƙohwar gidansa shi kore ni da bakinsa, yana kallona. In kuma an tambaye ni ko ɗiyata ta sani, zan ce ta sani.

Kuma ba ni ɗai za ni ba. Wagga mai rubutun ita za ta ɗaukar min kaya, ita za ta yi sallama. Ga ta nan ta ɗago kai tana kallona, yanzu ta ji. Na ce ta rubuta wannan ma.

Ka yi mana addu'a. Allah shi yi maka albarka.

Innarka,
Mero